Ragon Hajiya Hindu

Sau huɗu Ya Kaltum ta sa Muhsinat ta ɗauki bokitin nan ta dire, alhali rana ba ta gama leƙo rufin gidajen Ajilari ba.

"Dire shi," in ji tsohuwar. "Kin sure shi kamar babu komai a ciki. Wace mace kika taɓa gani ta ɗaga bokiti cike da hannu ɗaya tana kallon gabanta? Ki karkace. Ki ciji leɓe. In da hali ma ki ɗan zubar a ƙafarki."

Muhsinat ta sake ɗauka, ta karkace, ruwa ya fallatsa mata a silifa. Ya Kaltum ta taɓe baki. A wurinta wannan shi ne yabo, wanda ya jira fiye da haka zai daɗe yana jira.

Ya Kaltum Babarbariya ce, mutuniyar Bama. Shekara goma ke nan tana wanke-wanke a gidan abincin Hajiya Hindu da ke Wulari, tun lokacin da rikici ya koro ta da zane ɗaya a jikinta. A duk faɗin Maiduguri ita kaɗai ta san cewa doguwar maƙwabciyar nan tata, mai yawan sa lafaya ruwan toka, Mikail aka raɗa mata ranar suna. Ba wanda ya gaya mata. Wata biyu bayan Muhsinat ta kama ɗakin da ke jikin nata, tsohuwar ta shigo neman gishiri, ta ƙare mata kallo tun daga goshi har diddige, ta ce, "Maza huɗu na haifa. Ni ba a ɓoye mini." Nan take Muhsinat ta fara cusa kaya a jaka. Tsohuwar ta jira ta gama, sannan ta zauna a kan jakar, ta ce ita fa gishiri ta zo nema. Uku daga cikin mazan nan huɗu ta binne, na huɗun ko gawarsa ba a ba ta ba, saboda haka ba ta da sauran ƙarfin tsanar abin da wata ta haifa.

Muhsinat kuwa 'yar Shuwa ce, daga Ngala. Ubanta dillalin dabbobi ne, irin waɗanda kakanninsu suka bar kiwo suka zauna a gari, amma har gobe ba sa ganin mutum da gashi sai ya iya kayar da sa. Tana da shekara goma sha bakwai ya same ta a gaban madubi cikin lafayar uwarta. Ya je ya ɗauko sandar da yake kora shanu da ita, ya yi ta bugu har sandar ta tsage, hannunta na hagu ya karye. Mai ɗori ya ɗora shi a karkace, haka kuma ya warke. Daga nan sai Kano, shekara shida cikin 'yan daudu a bakin tasha tana suyar kaji. Sun riƙe ta da amana, ba za ta ce ba su riƙe ta ba. Amma zaman can zaman abin kallo ne: yau direbobi su tafa musu, gobe samarin unguwa su zo musu da gora. Ita ba tafi take so ba. So take ta je kasuwa ta sayi tumatir, mai tumatir ya ce mata "baiwar Allah" ba tare da ya ɗago kai ba, ta dawo ɗakinta. Maiduguri ta ba ta wannan, domin gari ne da lafaya ke rufe mace ruf, kuma gari ne da ya cika da baƙin da ba a tambayarsu daga ina. Abin da ya rage mata shi ne abin sawa a baki, kuma yau ce ranarta ta farko a bakin baho.

A cikin keke napep ba su yi magana ba saboda direba. Sai da suka sauka suka kama lungun da ke kaiwa ƙofar baya tsohuwar ta ɗora daga inda ta tsaya.

"Baho uku za ki tarar. Na farko ruwan zafi da omo, biyun na ɗauraya ne. Kofuna ake fara wankewa, sai cokula, sai farantai. Tukunya a ƙarshe. In kika fara da tukunyar miya duk kofin gidan zai yi ƙarni, Hajiya kuwa hancinta ya fi idonta aiki. Wuƙa kuma ba a jefa ta cikin kumfa. Wata Edith da muka yi aiki tare ta tura hannu cikin baho, ba ta san an jefa ba, har yau yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa."

"Na ji, Ya Kaltum."

"Ba ki ji ba tukuna. Kada ki tsuguna ki ware gwiwa. Ko ki sunkuya daga ƙugu, ko ki zauna a kujera ki haɗe ƙafa. Lulluɓi kada ya bar maƙogwaronki ko da zafi zai kashe ki. Bayan gida kuma ki bari sai ana rububin abincin rana, lokacin ba mai lura da wani." Ta tsaya ta tofar da tukar goro. "Na ce musu kina da ciwon wuya tun kina yarinya, shi ya sa ba kya son magana. Na ce mijinki ya mutu a hanyar Dikwa. Kowa a gidan nan yana da wanda ya mutu a wata hanya, ba za su tona ba."

"In aka tambaye ni sunansa fa?"

"Ki yi kuka."

Sun kai bakin ƙofar, ta langa-langa ce, tsatsa ta ci ƙasanta. Gefe ga tulin itacen girki ya kusa kai katanga tsawo. Ya Kaltum ta riƙo hannun Muhsinat ta rage murya.

"Saura Kashim. Ɗan wan Hajiya ne, shi ke kula da nama da wuta. In ya tsokane ki kada ki yi dariya, kada kuma ki ɗaure fuska. Ki zama kamar ba kya wurin. Duk abin da kika iya wanda ba wanke-wanke ba ne, ki ajiye shi a nan bakin ƙofa, in an tashi kya ɗauka. Ki sani ni na tsaya miki. In asiri ya tonu, ba ke kaɗai za a kora ba."

Ciki tsakar gida ne mai siminti, murhu shida a jere jikin katanga, kwata a tsakiya, da wata darbejiya da hayaƙi ya baƙanta rabin ganyenta. A jikin bishiyar aka ɗaure ragon. Farin balami ne, dogo, mai faɗin ƙirji, kunnuwansa sun zubo gefe da gefe. Kallo ɗaya Muhsinat ta yi masa ta san bai wuce shekara biyu ba, ta san da dusa da harawa aka kiwata shi, ta kuma san tun jiya ba a ba shi ruwa ba. Ta yi maza ta kau da kai.

Hajiya Hindu ta fito daga ɗakin cin abinci, gajeriya mai jiki, ƙamshin humra na riga ta isa wuri. Suka gaisa da Ya Kaltum da Barbarci, wushe ta bi wushe, sannan ta ɗaga kai ta dubi sabuwar.

"Ita ce? Doguwa ce kuwa. Allah ya sa tsawon ya kai hannu." Ta nuna ragon da haɓa. "Yau ba ranar wasa ba ce. Wani ɗan kasuwa ne ya aiko da shi a yi masa danderu, gasasshen naman nan namu, walima gare shi da yamma. Tukwane za su yi yawa."

Har hantsi komai ya tafi daidai. Farantai suna zuwa da ragowar burabisko da miyar kuka a daskare, Muhsinat tana kankarewa cikin bokitin shara, ta tsoma, ta cuɗa, ta miƙa wa Ya Kaltum ta ɗauraye. Ruwan zafi ya yi mata jajur a yatsu, ƙugunta ya fara ciwo saboda sunkuyon da ba ta saba ba. Duk da haka ta ji daɗin aikin, gaskiya ta ji daɗinsa. Siddiƙa, matar da ke tuƙin tuwo, ta miƙo mata ƙosai biyu a takarda ta ce, "Ci, 'yar'uwa, kafin su huce." Muhsinat ta karɓa da hannu biyu, ta juya baya ta ci. Can Hajiya ta zo ta ɗauki kofi ɗaya ta shinshina, ta mayar, ta wuce ba tare da ƙorafi ba. Ya Kaltum ta zunguri Muhsinat da gwiwar hannu.

Kashim bai iso ba sai da rana ta ɗaga. Mutum ne mai ƙaramin kai da babbar murya, irin wanda ba ya iya wuce abu a ƙasa bai shure shi ba. Ya shuri bokitin shara, ya shuri takalmin Siddiƙa, ya tsaya a kan Muhsinat.

"Sabuwa ce? Ba ta gaisuwa?"

"Ciwon wuya gare ta," in ji Ya Kaltum, ba ta ɗago ba.

Ya ɗauki wata tukunya ya wurga cikin bahon farko. Ruwan zafi ya watsu a damtsen Muhsinat. Ta saki 'yar ƙara siririya, yadda ya kamata, ya yi dariya ya wuce. Ragon yana ta kukan ƙishirwa. Kashim ya zari faskaren itace ya maka masa a hanci, ya ƙara, har dabbar ta durƙusa da ƙafafun gaba. A cikin kumfa, inda ba mai gani, Muhsinat ta matse soso har ya tsage.

Ana cikin haka aka aiko cewa Ba Gana, mahaucin da ke zuwa yanka, an yi masa rasuwa, ba zai samu zuwa ba. Hajiya ta ce a nemo wani. Kashim ya ce shi da ransa da lafiyarsa za a nemo wani? Kaji nawa ya yanka a gidan nan? Ya zaro wata doguwar wuƙa daga cikin kwando ya jefa gaban Muhsinat ya ce ta wanke. Ta ɗauka, ta shafa bakin da babban yatsa. Dakusasshiya ce, ko albasa sai an yi ta gurza. Ta buɗe baki, ta rufe. Ina mai wanke-wanke ta san kaifin wuƙa? Ta ɗauraye ta miƙa masa, zuciyarta na ce mata ta yi laifi.

Peter, direban keken da ke kai abinci ofisoshi, shi aka kira ya riƙe ƙafafun baya. Kashim bai ɗaure ragon ba, bai shayar da shi ba, bai ma duba inda ya sa gaba ba. Ya danne kan da gwiwa, ya ɗora wuƙa ya shiga gurzawa gaba da baya. Fata ta tsage, jini ya ɓalle, amma maƙogwaron yana nan bai tsinke ba. Ragon ya yi wani gurnani mai haɗe da shaƙa, ya harbi Peter a ƙirji, ya watsar da Kashim, ya miƙe.

Ya zagaya tsakar gidan da wuya a buɗe, jini na tsartuwa jikin katanga, jikin buhunan shinkafa, kan farantan da aka kife. Ya tunkuyi tebur, tangaran suka zube suka tarwatse. Siddiƙa ta haye kan buhun gawayi tana salati. Kashim ya tsaya da wuƙa a hannu yana ɗura wa rago ashar. Dabbar ba ta gani, azaba ta rufe mata ido, ta juya ta nufi kusurwar da Ya Kaltum ke zaune a 'yar kujera, tukunyar ruwan zafi na tafasa a bayanta. Gwiwoyin tsohuwar sun daɗe da daina tashi da gaggawa.

Muhsinat ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Taku uku ta yi. Ta cafke ƙaho da hannun dama, ta zura na hagu ƙarƙashin cikinsa ta kamo ƙafar da ke can gefe, ta sa gwiwa ta murɗa. Ragon ya faɗi tim a kan siminti. Da a nan ta tsaya, da an ce tsoro ne ya ba ta ƙarfi, da wataƙila har an yi mata sannu. Amma dabbar tana shure-shure a ƙarƙashinta, iska na fita ta inda bai kamata ba. Uban da ya karya mata hannu bai taɓa barin dabba ta wahala a gaban wuƙarsa ba, kuma haka ya koya mata tun tana shekara tara. Ta ja ragon ta juya fuskarsa gabas, ta taka ƙafafunsa, ta miƙa hannu ta ɗauki 'yar wuƙar albasar Siddiƙa, ta goga ta sau biyu a bakin kwata.

"Bismillahi, Allahu akbar."

Da muryarta ta faɗa, ta ainihi, wadda ta shekara uku ba ta bari ta fito ba. Ja ɗaya ta yi. Jini ya kwarara cikin kwata, ragon ya miƙe ƙafa, ya yi rawa, ya saki. Ta jira har ya daina motsi, ta ɗebo ruwa a moɗa ta wanke wuyan, ta goge wuƙar a jikin gashinsa gaba da baya. Sai da ta gama duk wannan ta lura a tsugune take a kan diddige, gwiwoyi a ware, lafayarta kuma tana can cikin jini inda ta zame.

Siddiƙa ce ta fara magana daga kan buhu, a hankali.

"Mace ta yi yanka. Wa zai ci wannan?"

Malamai sun sha faɗa cewa yankan mace ya halatta, yana nan a rubuce. Mutanen gari suna ji, su gyaɗa kai, su koma gida. A garin nan mace takan zauna da kazarta a ɗaure tun safe tana jiran namiji ya gifta, ko da mashayi ne, ko da bai san inda gabas take ba. Hajiya Hindu ta san haka sarai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban ragon, tana duban tangaran ɗinta, fuskarta ta yi fari.

"Me kika yi mini? Ragon mutane ne. In aka ji mace ce ta yanka, wa zai ƙara sa abincin gidana a bakinsa?"

Kashim ya taso yana kaɗe wando. An ga faɗuwarsa, an ga wadda ta gama abin da ya kasa, kuma mutum irinsa ba ya yafe wa wanda ya gan shi a ƙasa.

"Wace mace, Gwaggo? Ba ki ji muryar ba? Dubi maƙogwaron. Dubi haɓar."

"'Yar mahauta ce," in ji Ya Kaltum, tana ƙoƙarin miƙewa da dafa katanga. "A gidan ubanta ta gani. Firgita ce ta sa muryar ta shaƙe. Ni ta ceta, Hajiya, kin gani da idonki."

Hajiya ba ta ko kalle ta ba. Ta tako har gaban Muhsinat, tana tsallake jini.

"Ki gaya mini da bakinki. In mace ce ke, kin ɓata mini rago. In kuwa namiji ne, an shigo mini cikin mata da lulluɓi. Wanne ne?"

Muhsinat ta san amsar da ta fi sauƙi. In ta ce namiji, za a kira ta ɗan daudu, a mare ta, a yi dariya, a tura ta waje, ta taɓa ganin irin wannan ta kuma tsira. Ta ajiye wuƙar a ƙasa, ta ture ta da ƙafa cikin kwata. Ba ta siranta murya ba, ba ta ga amfanin hakan ba kuma.

"Mace ce ni, Hajiya."

Faskaren itacen da Kashim ya sake zara ya sauka a gefen kunnenta. Duniya ta yi ɗif, sannan ta dawo da ƙara. Kashim ya damƙi wuyan rigarta ya keta har ƙasa, tsummokaran da take cusawa a ƙirji suka faɗo cikin jinin ragon. Ya ɗaga ɗaya sama yana nuna wa kowa.

Maza suka kwararo daga ɗakin cin abinci, wasu da miya a hannu ba su ko wanke ba. Ba wanda ya tambayi abin da ta yi. An ce ɗan daudu ne, an ce cikin mata aka kama shi, wannan ya ishe su. Wani mai kayan ofis, da biro a aljihu, ya harbe ta a haƙarƙari da takalmi sau ciki. Wani ya zare bel. Wani dattijo da bai taɓa ganinta ba sai yau ya matso ya tofa mata yawu, ya ja da baya don kada jini ya taɓa masa riga. Akwai kuma wanda bai doke ta ba, shi ya ɗaga waya yana ɗauka, yana neman inda zai fi ganin fuskar.

Wuyan Kashim bai kai na ragon kauri ba, kuma yana nan daf da hannunta. Ta gani, ta kuma san in ta taɓa shi ba za ta fita daga gidan nan da rai ba. Ta dunƙule, ta rufe kai da hannuwa. Faskaren ya sake sauka, a hannun hagu, daidai tsohon ɗorin. Ta ji ƙarar kafin ta ji zafin, kuma ta gane ta. Ta yi fitsari a jikinta. Can baya wani ya ce a kawo fetur, wani ya ce akwai a janareta.

Sai ta ji nauyi a bayanta, mai ƙashi, mai warin omo da goro. Ya Kaltum ce ta rarrafo ta kwanta a kanta. Ƙarfen bel ɗin ya sami tsohuwar a gira, jini ya rufe mata ido ɗaya, ba ta motsa ba. Peter, yana tari yana riƙe da ƙirji, ya rungumo Kashim ta baya ya ja shi.

"Ya isa," in ji Hajiya. Da ba su ji ba ta ɗauki murfin tukunya ta buga da ƙasa. "Na ce ya isa. Ba za a kashe mini mutum a kan siminti ba, gobe a rufe mini gida. Ku koma abincinku yana hucewa. Peter, fitar mini da wannan."

Peter ya ja ta ta ƙofar langa-langa zuwa lungu, ya tura ta tsakanin tulin itace da katanga, ya jawo wani buhu ya rufa mata. Da wasu samari biyu suka biyo baya, ya nuna musu bakin titi ya ce can ya ga an gudu. Suka bi da sauri.

A nan ta zauna, hannun a kan cinya, kowane numfashi na sukarta a haƙarƙari. Tsoro bai sake ta ba, amma baƙin ciki ya fi shi yawa. Safiya ɗaya tak aka ba ta. Ta tuna ƙosan Siddiƙa, hawaye suka zubo suna shiga tsagar leɓenta. Ɗakin Ajilari ma ya tafi, ta sani, kafin la'asar hoton nan ya zaga wayoyin unguwa.

Langa-langa ba ya tare magana. Ta ji ana share tangaran, ana watsa ruwa a siminti. Ta ji Hajiya ta yi gyaran murya.

"To, ai magana ta ƙare. Namiji ne ya yanka, da bisimillarsa, kowa ya ji. Ya kuma fuskanci gabas. Kashim, feɗe, lokaci na tafiya."

Wani daga cikin masu cin abincin ma, da ya tsaya wanke hannu, ya duba wuyan ragon ya ce rabon da ya ga yanka mai kyau haka tun yana yaro.

Aka kira azahar, aka idar. Ƙamshin hanta da ake soyawa ya tsallako katanga ya same ta a bayan itace. Kayan ciki na ma'aikata ne a gidan Hajiya Hindu, duk ranar da aka yi yanka da hannunta take rabawa. Muhsinat tana jin ƙarar cokali a bakin kasko, tana jin ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa an gode.

"Kaltum, ga naki. Ki ci, ki ɗaure girar nan, ki koma bakin baho. Ni ban riƙe ki ba. Yaudararki aka yi kamar yadda aka yaudare mu, ko ba haka ba?"

Muhsinat ta riƙe numfashi. Ta so tsohuwar ta ce haka ne. Da gaske ta so.

"A ba wani, Hajiya."

"Ba kya jin yunwa?"

"Ina ji. Amma ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa cin yankan mace ba, ba kuwa yau zan fara ba."

Cokali ya daina ƙara.

"Kin san abin da kika faɗa, Kaltum?"

"Shekara goma ina wanke miki kwano. Kin taɓa jin na faɗi abin da ban sani ba?"

Jim kaɗan ƙofar ta yi ƙara, Ya Kaltum ta fito tana jan ƙafa, ido ɗaya a kumbure, lafayar ruwan tokar nan a kafaɗarta. Ta wanke ta, ta matse, jinin bai gama fita ba. Ta yaye buhun, ta dubi hannun, ta ja tsaki. Ta kwance ɗankwalinta ta rataye mata shi a wuya, ta ɗora karyayyen hannun a ciki.

"Ba Ajilari za mu ba. Ina da ƙanwa a Maisandari, mijinta ya san ɗori. Tashi, ki jingina da ni."

Muhsinat ta miƙe da ƙyar tana dafa itace. Tsohuwar ta shiga naɗa mata lafayar, ta zagayo da ita ta bayanta, ta ɗaure a kafaɗa.

"Aikinki fa, Ya Kaltum?"

"Riƙe nan," in ji tsohuwar, ta danƙa mata bakin lafayar a hannun dama. "Ki rufe kanki, akwai maza a titi."